Katangar Durmush

A wani ƙauye can bayan Bolu, a ƙasar Turkiyya,
tsoho Durmush ya gina katangar dutse da hannunsa,
miƙaƙƙiya sak, kamar an ja mata zare.

Daren da ƙasa ta girgiza, kofunan shayi suka zube.
Gari na wayewa ya tarar katanga ta rabu biyu:
rabi na nan inda ya bar shi,
rabi ya yi gaba taku uku, ko faɗuwa bai yi ba,
itacen tuffa kuwa ya koma gonar Rustem.

Rustem ya ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
Durmush ya ce, ɓarawo ɓarawo ne, ko da ƙasa ce.
Wata biyu ba sallama tsakaninsu.

Sai jikarsa Nazife ta dawo hutu daga Ankara,
ta jera gurasa fale-fale bisa faifai, ta yanka tsakiya.
Kaka, haka duwatsu suke kwance a ƙarƙashinmu,
shimfiɗa kan shimfiɗa, tun ba a haifi kowa ba.

In an ja su gabas da yamma sai su tsage,
ɓangare guda ya zame ƙasa,
kwari ke nan, tafki ya samu wurin kwana.
In an matse su, ɗaya ya hau ɗaya,
tsohon dutse ya kwanta bisa sabo
kamar jika ya goya kakansa.

Tamu fa? in ji tsoho.

Tamu ba hawa, ba sauka.
Gefe da gefe suke wucewa,
kamar mutum biyu masu gaba a ƙuntataccen lungu,
kafaɗa na gugar kafaɗa.
Tafiyarsu a shekara ba ta wuce tohon farce ba,
amma in sun cije, sai su haɗiye ta, su yi ta haɗiyewa,
bashin shekara ɗari su biya shi dare ɗaya.

Tsoho ya daɗe yana kallon gurasar.
Ya gutsuri tsohon dutse, ya tsoma a shayi.

Da kaka ta yi, Rustem ya aiko da kwandon tuffa,
bai cika ba, an ɗan rage daga sama.
Durmush ya lura, bai ce uffan ba.
Bai kuma gyara katangar ba har yau.
Gurbin da ƙasa ta buɗe
ya auna da igiya, ya sa masa ƙofa.