Makullin Mamaci

Jirgin safe ya kawo shi Horta
a akwatin roba mai ruwan lemo,
faifai guda, bai fi burodin Lahadi nauyi ba.
Zamanin mahaifina, Albano,
gwangwani shida ake hawa bene da su,
ƙashin bayansa ne ya biya kuɗin kowane fim.

Na jona shi. Awa biyu na'ura tana haɗiya.
Hoto daban, murya daban,
rubutun fassara a nasa fayil,
ga wata 'yar takarda tana jera su
kamar malama mai kiran sunan ɗalibai.
Kowa ya amsa.
Ko ƙwaya ba ta zube a hanya ba.

Sai dai duk a kulle suke.
Makullin ba na ƙarfe ba ne,
'yan layuka ne da ke zuwa ta imel,
an yanka su don na'ura ɗaya tak a duniya,
daga yammacin Juma'a zuwa daren Laraba.
Bayan nan su narke
kamar gishirin da ya koma teku.

Tara saura kwata na saka.
Ja.
Na goge hannu a siket, na sake.
Ja.

Sai na bi lambar da yatsa:
huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai.
Ai wannan tsohuwar ce,
wadda iskar gishiri ta cinye wa ciki a watan Janairu,
tana can ƙarƙashin bene, an rufa mata tampol.
Wasiƙa ta iso da sunan mamaci.

Na kira Telmo a Lisbon.
Agogonsu ya riga namu da awa guda,
ya bar ofis, yana jirgin ƙasa,
ina jin kukan ɗansa a kafaɗarsa.
"Graciete, turo mini shaidar sabuwar,
in na sauka zan yanka wani."

Mutum sittin da ɗaya a ƙasa.
Dona Zulmira da zaren saƙarta,
'yan'uwan nan uku masunta da suka yi aski don daren,
wani yaro riƙe da tikiti biyu, kujerar gefensa babu kowa.
Farin allo ya ƙi magana,
kallo ya koma sama,
wajen 'yar tagata.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ban zagi kwaɗon ba.
Na san akwai wadda ta shekara tana ɗinke hotunan nan,
akwai wanda ya tsaya cikin ruwa yana tarar sauti,
su ma suna biyan haya.
Amma tsoron ɓarawo
ya sa yau an kulle mai gida a waje.

Da, in fim ya tsinke,
Baba zai ɗaga guntun ga ƙwan lantarki,
ya ga fuskar mace ƙarama kamar farce,
ya lasa, ya manna, a ci gaba.
Ni me zan ɗaga?
Lambobi ba su da fuska sai an yarda musu.

Na sauka na faɗa musu gaskiya.
Babu wanda ya nemi kuɗinsa.
Zulmira ko kai ba ta ɗaga ba:
"'Yar nan, a tsibirin nan
mun taɓa jiran jirgi kwana tara."

Tara da minti talatin da takwas
waya ta motsa a aljihu.
Kore.
Haske ya ratsa saman kawunansu,
kujerar gefen yaron kuma ta sami mai ita.

Na'ura tana rubuta komai a kundinta,
wa ya buɗe, yaushe, sau nawa.
Jiran nan ne kawai ba ta rubuta ba.

Makullin farko yana nan, ban goge shi ba.
Har daren Laraba
wadda ke ƙarƙashin tampol tana da izinin kallo.