Ɗaurin Goma

Alli ya ƙare mana tun makon jiya.
Hedimasta ya ce a yi haƙuri, takarda na sakatariya.
Ni kuwa ga yara hamsin da bakwai sun zuba mini ido,
aji uku, nan Maƙarfi,
motocin rake na gurnani ta tagar da ba ta da marfi.

Na ce, ku fita,
kowa ya kawo abin da ƙasa ta ba shi.

Suka dawo da marafan kwalba daga bayan shagon Ɗanbala,
ƙwallon dabino, tsakuwa,
da tsohuwar tsintsiya da ta gaji da shara.
Rifkatu ta rungumo gwangwanayen madara uku,
ɗaya a lotse, kamar an taka masa ciki.

Muka zauna a ƙasa, ni da zanena.
Tsinke goma, a ɗaure da zaren buhu.
Ɗauri goma, ya zama dami.
Gwangwanin dama na ɗaiɗai,
na tsakiya na masu ɗamara,
na hagu sai manya.

Talatin da biyu, a cire bakwai.
Tsinke biyu ba ya ba da bakwai,
sai na faɗi abin da aka faɗa mini ina ƙarama:
ku yi aro a maƙwabta.
Sha'aibu, wanda ban san muryarsa ba tun farkon zango,
ya ɗaga hannu duk ruwan rake:
"Malama, tun aji biyu muke aron nan,
ban taɓa ganin ranar biya ba.
Babana ya ce mai bashi ba ya barci."

Dariya ta tashi. Ni ban yi ba.
Na miƙa masa ɗauri ɗaya, na ce kwance.
Ya sa haƙori ya tsinke zaren,
goma suka zube kan biyu,
ya zare bakwai, ya ƙirga saura da leɓensa,
ya dubi ɗauri biyun da ba a taɓa ba.
"Ashirin da biyar.
Ashe kayanmu ne. Ɗaure kawai yake."

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa,
ban taɓa faɗin hakan ba.

Da muka kai ɗari da biyar
Rifkatu ta janye gwangwanin tsakiya,
wai me zai tsaya yi, ba komai a cikinsa?
Na ce karanta mini yanzu.
Ta ce sha biyar. Ta yi shiru.
Ta mayar da shi a hankali,
ta ce, "Kamar jarkar da muke bari a layin famfo.
Babu ruwa, amma wurin namu ne."
Sifili ke nan, 'yar nan, je ki zauna.

Ana gab da tashi na ciro mazarƙwaila biyu daga jaka.
Ɗaya na raba biyu, ɗaya takwas.
Wa ke son ɗaya bisa biyu? Wa ke son ɗaya bisa takwas?
Mudi ya yi tsalle, takwas ta fi biyu, shi ba a cutarsa!
Na ɗora masa rabonsa a tafi,
ɗan mitsitsi, ko tururuwa sai ta raina.
Ya dubi na Kande, ya dubi nasa.
Wannan darasi ba sai an maimaita ba,
harshensa ya riƙe masa.

Rake mai gaɓa bakwai, yara uku:
biyu, biyu, biyu, saura ɗaya.
Ta wa? Suka haɗa baki, ta Malama!
Ban yi musu ba.

Ran Litinin alli ya iso, kwali guda.
Na sa hannu na karɓa, na tura shi cikin durowa.
Da yamma ina tattara ɗaurukanmu a leda
na ji wani bai cika hannu ba.
Na ƙirga. Tara.
Wani ya yi sakace da lissafina.