Harsashi Biyu, Ƙofa Ɗaya

A Kaoje, bayan rumfar masu faci,
nan maƙerar Arzika take.
Ni ke zuga, ni ke shara,
ni ke riƙe fitila in ido ya gaza masa.

Ran Laraba Nomau ya iso
da bindiga naɗe cikin buhun taki,
takardar izininta a leda, duk ta yi laushi don ninki.
Ya ce, "Baba, ƙarfen ga ya zan mai zaɓen tuwo.
In na ba shi babban harsashi,
wanda ka riga muryatai isa,
sai shi halbe ni ga kafaɗa kamar jakin da anka taɓa ma miki,
shi tofar da kwanso har gonar maƙwabci.
In na ba shi ƙarami,
wanda ka bin sawun muryatai a hankali,
sai shi haɗe, shi shaƙe, shi yi tsit,
ni da gyado muna kallon juna."

Arzika bai yi dariya ba. Ni na yi.

"Sayi biyu mana."
"Da mi? Shinkafar da gyado ya bar min
ba ta biya takin da ta ci ba."

Kwana uku ƙarfen ya yi kan buzu,
gaɓa-gaɓa, kamar ragon da mahauci ya gama da shi.
Tsoho ya wanke, ya goge, ya kara kunne.
"Matso, Ɗantani. Ita ma numfashi gare ta.
Wanda ya sha gudu da wanda ya tashi daga barci
ba huci ɗaya suke yi ba,
amma ƙofa ɗaya za su tura.
Ta yi tauri, mai barci ya kwana ciki.
Ta yi sako-sako, mai gudu ya fita da ƙyauren a ka."

Bai aika birni ba.
Gwangwanin madara ya zazzage,
tarkacen shekara talatin, tsatsa da ƙura,
yana ɗauka yana ajiyewa
kamar mai tsince tsakuwa cikin wake.

Muka gangara kwazazzabo da hantsi.
Nomau na ƙirga harsashinsa da leɓe,
kowanne kuɗin cefanen yini ne.
Na fari ya maƙale.
Muka hau, muka sauko.
Na biyu ya fita, da ƙyar, kamar bashi.
Na huɗu ya tsaga sama, balbelu suka watse,
na biyar ya yi tari kawai,
kwanso biyu suka kwanta kusa da juna a rairayi,
tagwaye.

Lada: mudu shida na shinkafa, da alkawarin zabo.
Zabon bai zo ba har yau.

Sai ga wani, bayan sati biyu,
da almuru, babur ba lamba, fuska cikin rawani.
Bai tambayi lafiyar gida ba.
Ya ce ya ji labarin aikin Nomau,
shi mai shirun yake so, mai shirun kaɗai,
ya ajiye damin kuɗi kan uwar maƙera,
sababbi, ko ninki babu.

Na ga Arzika ya dubi hannunsa.
Hannun da jiya ya zura zare a allura
ya kama rawa.
"Ka makara, ɗana. Tsufa ya riga ka.
Fartanya ma sai yaron nan ya kama min."

Da ƙarar babur ta nutse a yamma
rawar ta tsaya.
Ya ce, "Nomau, na san gonarsa, na san gyadonsa.
Wannan fa, wa yake so kada ya ji?"

Ya tofa wa garwashi ruwa.
Washegari lauje muka ƙera,
har azahar, ba wanda ya yi magana.