Kara Ɗaya

Teburina ƙafa uku gare shi,
ta huɗun dutse ne da na ɗauko bayan Birni.
Shekara ashirin da shida yana tsaye bakin kasuwar Dole,
alawa a gaba, ashana a tsakiya,
taba can baya, inda ido ke fara sauka.

Mutanena ƴan kara ɗaya ne:
mai kabu-kabu da bai kashe inji ba,
ɗan ga-ruwa da ya sauke bido ya miƙe baya,
da Mato tela, mai cewa zare ba ya shiga allura
sai ya ga hayaƙi tukuna.

Bana aka ƙara haraji.
A rediyo na ji, ban gane lissafin ba
sai da Alhajin sari ya juyo mini da rasit.
Abin dala biyar ya koma dala goma.
Nomau ya yi ta zagi, ya saya.
Zabeiru ya raba tasa biyu da reza,
rabi bayan azahar, rabi a maƙale bayan kunne.
Mutum uku sun daina. Na ƙirga su,
don aljihuna ne ya yi rami,
na kuma rasa wace fuska zan gaishe su da ita.

Wani dare yaro ya biyo hanyar Magarya
da kwalaye ƙarƙashin buhun albasa,
babu tambarin duwan.
Na ce masa araha ba ta ado.
Na karɓi biyu. Kada in yi ƙarya a waƙa.

Sai ga ɗana Cari ya dawo daga Yamai
da wani abu a wuya kamar alƙalami,
ana ba shi wuta da igiyar salula.
Ya zuƙa, ya busa. Mangwaro!
Mangwaro a watan da itacen ko fure bai yi ba.
Baba, in ji shi, wannan ba garwashi, ba toka,
tururi ne kawai, irin na madambaci.

Na juya kwalin a tafin hannu.
Rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa,
ba Faransanci ba, ba ajami ba.
Wa ya auna ruwan da ke ciki?
Wa ya sa hannu?
In ya cuce ka, ƙofar wa zan buga?
Tawa na san ta.
Ta faɗi a goshinta cewa kisa take yi,
ta biya kuɗin shiga gari.
Taka da turare ta shigo, ko sallama babu.

Na tambayi Majo Tabawa a likita.
Ta ce wanda ya daɗe cikin wuta,
in ya koma tururi, mai yiwuwa ƙunar ta ragu.
Amma wanda bai taɓa shiga ba,
me ya kai shi bakin murhu?
Cari bai taɓa shan tawa ba.
Na hana shi tun tsayinsa bai kai tebur ba.
Ƙofa na tsare.

Mato ya rasu ranar Laraba,
wata bakwai tari na yaga shi kamar tsohon yadi.
Sunansa na nan a littafin bashina:
kara goma sha huɗu, tsohon farashi.
Matarsa ta aiko da kuɗin, kada bashi ya bi shi kushewa.
Na mayar. Ta sake aikowa.
Suna nan cikin gwangwanin tumatir,
ban san wa ke bin wani ba.

Yau an ɗauke wuta tun la'asar.
Alƙalamin Cari ya mutu a wuyansa.
Ya zauna kan benci, ƙafarsa na rawa,
yana ta hira, idonsa na zamewa
can baya, inda ido ke fara sauka.

Na jawo kwalin alawa, na ɗora a kai.