Gangaren Shayi

Shekara goma sha tara na tuƙa bas a Istanbul,
na san kowane rami a hanyar Kadikoy,
na san mai sauka tun kafin ya danna ƙararrawa.
Yau ga ni da almakashi mai jaka a baki,
ina saran ganyen shayi kamar sabon wanzami,
a gangaren da mahaifina ya bar mini
can sama da Rize, inda gajimare ke shiga ɗaki ba sallama.

Ruwan nan ba ya neman dalili.
Ya sauka da asuba, ya ɗan huta da hantsi, ya dawo.
Nermin ta shanya riguna ran Litinin,
ran Alhamis ta kwashe su da danshinsu,
ta tsaya bakin baranda, ba ta ce uffan ba.
Na fi tsoron wannan shirun
da duk faɗan da muka yi a hawa na shida.

Doruk, ɗan shekara sha huɗu, ya gano dutse ɗaya
bayan rumbun masara, inda waya ke kamawa.
Can yake wuni, hannu a sama,
kamar mai roƙon ruwa a ƙasar da ruwa ya ishi kowa.
Nilufer kuwa ba ta ɓata lokaci ba:
ta raɗa wa saniya suna Minista,
kullum da yamma tana kai mata ƙarar mutan gida.

Tsohuwa Hafize, maƙwabciyarmu ta gangare,
bayanta ya lanƙwashe kamar lauje,
amma takan cika buhu uku kafin nawa ya rufe gindi.
Ta juya tafin hannuna, ta yi tsaki:
"Hannun sitiyari. Bari, almakashi zai koya masa karatu."
Washegari ta aiko da burodin masara da miyar kabeji,
ba ta tsaya jiran godiya ba.

Aladen daji sun shiga masararmu a watan takwas.
Dare ɗaya tak.
Na fito na tarar da kara kwance bisa kara
kamar fasinjojin da aka taka wa birki ba zato.
Na zauna cikin laka.
Na ƙirga bashin taki, na ƙirga kuɗin littattafai,
na ƙirga tsawon hanyar da ta raba ni da tashar da na sani.
Sai ga Doruk, waya a aljihu,
ya durƙusa yana ɗaga karan ɗaya bayan ɗaya,
yana ɗaure su da tsumma a jikin sanda.
Rabinsu ba su tashi ba.
Bai daina ba, har na ji kunya na miƙe.

Ba zan ce mun saba ba.
Har yau ƙarfe huɗu da rabi nake farkawa,
ƙafata na laluben kuloci a ƙarƙashin bargo,
kunnena na jiran hon ɗin da ba zai zo ba,
sai kukan ƙorama,
sai ladanin ƙauye da ke tari sau biyu kafin ya kira salla.
Nermin har yau tana goge takalminta mai tsini,
ta mayar cikin kwali, saman kabad.

Jiya dai a wurin awo
mai sikeli ya rataya buhuna, ya duba, ya sake dubawa,
ya ce kilo arba'in da ɗaya.
Karon farko bai yi dariya ba.
Na hawo gida gwiwa na rawa,
na tarar an ɗaura igiyar shanya a kicin, saman murhu,
riguna sun bushe ƙarau, suna warin hayaƙi.

Nermin ta zuba mini shayi a ƙaramin kofin gilashi,
na kanti ne, namu ya tafi masana'anta.
Ta ɗaga nata, ta duba shi a hasken taga,
ta ce, "Wa ya sani, ko namu ne a ciki."
A waje ruwa ya sake tsinkewa.
Ba wanda ya tashi kwashe komai.