Awon Kunne a Lamingo

Shekara goma sha tara ina ɗaukar tiren karas
daga cikin Farin Gada zuwa bakin titi,
ban taɓa kai hannu na tallafe shi ba.
Har waiwaye nake in amsa gaisuwa.

Yau ga ni a asibitin Lamingo,
wata yarinya, Nanret, tana lallashina:
"Mama Tasalla, haɗa ƙafafu, rufe ido,
tsaya kawai."
Wai kawai!
Ƙasa ta zame kamar an fizge tabarma.

Sun ce ba ƙari ba ne. Ba iska, ba sammu.
Ruwa ne a ƙoƙon kai ya rasa magudana,
yana danne bayan idona,
yana shuu, shuu a kunnen hagu
daidai da bugun zuciya,
kamar wata na tankaɗen garin acca da tsakar dare
a gidan da ba kowa sai ni.

Ta manna mini wayoyi a wuya,
ta ce in ɗaga kai in juya gefe.
Ƙas, ƙas, ƙas, cikin kunne.
Sannan baƙin tabarau, duhu ƙirin,
ruwan ɗumi ya shige kunnen dama,
gado ya ɗauke ni ya fara kewaya ɗaki.
"Kada ki yi shiru, lissafo mini kayan gwari."
Kabeji, na ce. Latas. Koren wake.
Kokwamba... riƙe ni, 'yar nan!
Ta riƙe. Hannunta sanyi ƙalau.
"Idonki na rawa," in ji ta,
"shi ke tona abin da kunne ya ɓoye."

Ashe ba wuyana ba ne gwanin.
Wasu 'yan zobba uku ne can ciki,
ba su fi farcen ƙaramin yatsa ba,
su suka yi ta dakon tiren nan
ban taɓa ce musu sannu ba.

Na dama ya amsa. Na hagu yana jan ƙafa.
Takarda biyu, in kai wa Dokta Davou ran Alhamis;
akwai batun allura a gadon baya,
da ƙwayoyi, da rage ƙiba.

A bakin ƙofa Ɗanliti ya tsayar da keke.
Wata mai ayaba ta tsallaka titi a guje,
hannuwanta duka biyu na ƙirga canji.
Na bi ta da kallo har wuyana ya motsa.
Sai na lalubi bango.