Taurari Nawa?

Daren Lahadi na latsa waya,
na zaɓi ma'aunin hawan jini
mai allo fari da lambobi ƙato-ƙato,
don idon Baba Tanimu ya soma yana.
Dubu sha takwas suka bar asusuna
ko sallama babu.

Kwana tara ina kiwon kwali a waya.
Yau yana Legas, gobe ya ɓace,
jibi ya kwana a Kaduna kamar mai dangi a can.
Ran Talata Iliyasu ya taka burki a Gyallesu,
hular kwano a goshi, injin bai mutu ba:
"Sa hannu, Hajiya, Samaru na jirana."
Na sa.
Wa ke kwance kaya a gaban mai sauri?

Allon ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.
Duk da haka na ɗaura wa Baba a damtse.
Abin ya yi gurnani, ya kumbura, ya sace,
ya nuna sifili uku.
Baba ya ce, "Ashe na rasu ba a gaya mini ba."
Muka yi dariya.
Tawa ba ta wuce haƙora ba.

Na rubuta musu, amsa ta riga ƙiftawar ido:
muna ba da haƙuri, kina da daraja a wurinmu.
Ku su wa? Ba suna, ba unguwa.
Turo hoto. Na tura.
Turo bidiyo. Na tura, data ta ƙone.
Turo hoton kwalin kafin a buɗe shi.
Wa ke ɗaukar hoton ƙwai
tun bai san baragurbi ba ne?

Sai hukunci ya sauko:
a mayar, amma kuɗin mayarwa a wuyana,
dubu shida da ɗari biyar,
cikin kwana bakwai, biyar sun riga sun tafi.
Kura ta ci akuya,
ta dawo neman ladan fiɗa.

Baba ya gyara zama a kan buzu.
"Shekara arba'in ina sai da kwano a Sabon Gari.
In tasa ta yi yoyo, mai ita ta san rumfata,
ta san sahun da nake tsayawa a masallaci.
Kunya ce rasiɗinmu.
Ke kuwa, Kulu, da iska kika yi ciniki."

Amma jininsa ne ni, na gaji tayi.
Na rungumi kwali, na hau keke zuwa PZ.
A bayan kanta, ga fuska, a ƙarshe:
Rifkatu, biro a kunne, gumi a hanci.
"Ba ni ke yankewa ba, na'ura ce."
Ta dubi tsagar, ta dube ni, ta rage murya:
"Kin danna na fasa saye.
Koma ki danna ya iso a fashe."
Layi ɗaya, ƙasa da faɗin farce,
shi ne tsakanina da dubu shida.

Kwana sha tara kuɗin suka yi a hanya,
suka iso da ɗingishi, an gutsure dubu ɗaya da rabi.
Na tambaya. An ba ni haƙuri.
Haƙurinsu ba ya ƙarewa, shi kaɗai ne kyauta.

Na ja Baba zuwa wani kemis a Tudun Wada,
aka gwada sabo a damtsensa kafin in zaro ko sisi.
Ɗari da hamsin bisa casa'in.
"Alhamdu lillahi," in ji shi, "na dawo duniya."

Da dare waya ta yi ƙara:
taurari nawa za ki ba mu?
An ɗauke wuta. Na fito tsakar gida, na ɗaga kai.
Saman Gyallesu cike yake fal,
na duba, na sake dubawa,
ban ga na bayarwa ba.